Hadi da Faifan Hajiya Zali

"Ni fa in dai jifa ne, duk faɗin Makka babu na biyuna! Ku je Mina ku tambayi Shaiɗan, shi zai ba ku labari."

Hadi ke nan, mai gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a unguwar Ka'akiyya, wanda abokansa ke kira Baki-Ya-Fi-Hannu. In ba ka san shi ba, ɗan'uwa, ka huta. Mutum ne da in ka ce ka ga raƙumi, zai ce shi ya ɗora masa tozon. Yana wannan cika baki ne a gaban abokinsa Mukhtaru direba, da kuma Rayyan, wani jikan Kanawa haifaffen Makka, wanda Hausarsa rabi Larabci ce, rabin kuma nuni da hannu.

Rayyan ne ya kawo zancen wani wasa da aka kafa a wata hadiƙa, wato lambun shaƙatawa, a gefen gari. Kwanduna ne na ƙarfe a kan sanduna, sarƙoƙi na reto a samansu. Ka tsaya daga nesa ka wurga faifan roba, inda ya faɗi nan za ka je ka tsaya ka sake wurgawa, har ya shiga kwando. Wanda ya fi ƙarancin jifa shi ya ci.

"Shi ke nan wasan?" in ji Hadi, ya yi tsaki. "Faifai fa ka ce! Ai wajenmu Turawa suka sata. Ranar Juma'a bayan la'asar ku zo ku ga mai abin."

Mukhtaru ya ce, "Hadi, bangon Jamarat da kake taƙama da shi, ko makaho ya jefa sai ya samu."

"Hassada ga mai rabo taki ce," in ji gogan.

To, akwai abin da ya kamata ka sani. Surukar Hadi, Hajiya Zali, ta zo umra daga Funtua, ta sauka gidansa. Tun da ta zo Hadi ya zama wani mutum dabam. Magana ƙasa-ƙasa, carbi a hannu, gaisuwa a tsugune, ko dariya ba ya yi da haƙora. Har ya ji da kunnensa tana gaya wa 'yarta Larai cewa, "Allah ya ba ki miji mai natsuwa, irin wannan ake nuna wa dangi." Wannan magana ta fi wa Hadi naman sallah daɗi, kuma ya ƙudura sai dai ta koma gida da ita a bakinta.

Hajiya ta zo wa Larai da tsarabar faifai, saƙar hannunta, ja da kore da baƙi, an yi masa baki da fata. Da shi ake rufe kwanon dambu. Ranar Juma'a da safe Hadi ya dube shi, ya auna shi a hannu, ya ce a ransa, wannan shi ne faifai, ba robar yara ba. Ya cusa shi cikin jakar kayan gyara.

Ba a jima ba gida ya rikice. Larai ta duba kicin, ta duba ƙarƙashin gado, har cikin firji ta leƙa. Ran Hajiya ya ɓaci sosai, don wata guda ta yi tana saƙar nan da idon da ba ya gani da kyau. Maimakon Hadi ya yi shiru, sai ya gyara murya, ya ɗaga hannu sama.

"Allah ya tona asirin wanda ya ɗauka, a gaban jama'a!"

"Amin," in ji Hajiya, har da shafawa.

Larai ta ce, "Malam, tun da ran Inna ya ɓaci, ka kai mu shan iska da yamma mana."

"Ina! Akwai mukayyif da ya mutu a unguwar Aziziyya, tsofaffin alhazai na can suna dahuwa. Aikin lada ne, ba na wasa da shi."

Hajiya ta sa masa albarka, ya fita yana sunkuye. Yana shan kwana ya miƙe ya kama fito.

Hadiƙar fili ce fetal, ciyawa kore shar, iska na kaɗawa. Iyalai can gefe sun baza tabarmi, ana shan shayi. Duk tsakanin wurin jifa da kwandon farko babu komai sai itacen dabino guda ɗaya tal, shi ma can hagu yake, ba ruwansa da kowa.

Rayyan ya wurga nasa, faifan ya tafi sumul ya sauka kusa da kwando. Ya miƙa wa Hadi wani, ya ce, "Yalla ya ammi, riƙe haka, shwayya shwayya..."

"Kai yaro, za ka koya wa kifi iyo ne?"

Hadi ya naɗe hannun riga, ya tofa yawu a tafi, ya ja baya kamar rago zai yi karo. Ya juya sau biyu, ya saki. Kowa ya dubi gaba, ba a ga komai ba. Can sai aka ji ƙwal a bayansu, faifan ya daki motar Mukhtaru.

"Wannan ɗumama hannu ne," in ji Hadi.

"Motata ka ɗumama," in ji Mukhtaru.

Jifa na biyu kuwa, wallahi da Hadi ya yi niyyar samun dabinon nan da bai same shi ba. Faifan ya bar fili mai faɗin da jirgi zai iya sauka, ya karkata hagu, ya je ya maƙale a kan itacen.

Rayyan ya riƙe kai. "Ya shaikh! Itace wahid a hadiƙa kullaha, kai ka samu!"

"To ba ka ga gwaninta ba? Wa ya isa ya samu abu ɗaya a fili?"

Aka yi ta jifan dabino da takalmi har faifan ya sauko, takalmin Hadi guda ya zauna a madadinsa. Sai da Mukhtaru ya ari tsintsiya mai dogon hannu wajen mai shara aka ƙwato shi. Jifa na uku bai ma tashi ba. Ya gangara a ƙasa kamar tayar yara, ya yi kewaye, ya dawo ya kwanta a kan ƙafar mai shi. Mukhtaru ya zube a ciyawa yana dariya har da tari.

"Sarkin Jifa! Shaiɗan dai ya ji daɗin zuwanka Mina!"

Nan fa zuciya ta ɗebi Hadi. Ya yar da robar, ya ce, "Laifin kayanku ne. Abin da aka yi a inji ina zai san hannun gwani?" Ya zuge jaka, ya zaro faifan Hajiya, ya ɗaga shi sama yana juyawa.

Mukhtaru ya daina dariya. "Kai, wannan ba na rufe abinci ba ne? Ina ka samo?"

"Ba ruwanka. Buɗe ido ka ga aiki."

Ya wurga da iyakar ƙarfinsa. Abin mamaki, faifan ya tashi! Ba shi da nauyi, iska ta ɗauke shi ta yi sama da shi, ja da kore suna walƙiya. Hadi ya yi tsalle yana dukan ƙirji.

"Kun gani? Kun gani? Wa ya ce ba ni ba!"

Faifan ya wuce kan kwandon ko sallama bai yi masa ba. Ya wuce na biyu. Ya yi kwana, ya nufi wajen iyalai, ya yi ta saukowa a hankali, ya faɗa tsakiyar wasu mata uku da ke zaune a tabarma cikin baƙaƙen abaya, sun ba filin baya.

Mukhtaru ya ce, "To, je ka ɗauko. Ni ba na shiga cikin matan mutane."

"Larabawa ne, ni na san yadda ake da su," in ji Hadi. Ya gyara wuyan riga, ya tafi yana taƙama, abokan na biye da shi daga nesa. Da ya matso sai ya saki Larabcinsa na gyaran mukayyif.

"Afwan ya hajja, ana kabtin kabir, hada faifai haggi..." Wai shi babban kyaftin ne, faifan nasa ne.

Ta farkon ta waiwayo. Rabi ce, maƙwabciyarsu, wadda ta ɗauko tasi ta kawo baƙuwa shan iska. Ta biyu ta waiwayo, Larai. Ta ukun ba ta ma waiwayo ba. Ido kawai ta zuba wa kwanon dambun da ke gabanta, wanda tun safe ba shi da murfi, yanzu kuwa ga faifansa zaune daram a kai.

Ɗan'uwa, Hadi bai san lokacin da ya tuɓe takalmi ba. Jiki ne ya tuna da tarbiyya. Ya zube a tsugune, kai a ƙasa, gumi na tsiyaya ta ƙeya.

"Barka da... barka da hutawa, Hajiya."

Larai ta ce, "Malam, nan ce Aziziyya? Ina tsofaffin alhazan, sun dahu?"

Hadi ya ƙara sunkuyar da kai. Rayyan kuwa bai san dawar garin ba, sai ya ɗaga murya daga baya.

"Ya ammi Hadi! Ƙa'ida, ƙa'ida! Inda ya faɗi, nan za ka tsaya ka jefa!"

"Yi shiru, ɗan nan!" in ji Mukhtaru, yana cizon hularsa don kada dariya ta kashe shi. Mutanen tabarmin kusa duk sun juyo, har masu shayi sun ajiye kofuna.

Hajiya Zali ta ɗaga faifanta, ta kaɗe ƙurar, ta duba bakin fatar ko ya yage, ta mayar a kan kwano. Ba ta dubi surukinta ba, don ita mai kunya ce. 'Yarta ta duba.

"Larai, gaya wa mijinki ya bar jifa ya kama addu'a. Tun ɗazu nake jin ana cewa wani sakarai ya kasa samun kwando. Amma addu'ar da ya roƙa da safe, kin ga ko magariba ba ta kai ba."