Baba Diski Ya Cika a Tukunyar Wake

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido jajir, Malam Chindo mai buga takardu a bakin tashar Gazawa yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Baba Diski mai giga arba'in, wato ƙarfen nan da ke cikin tsohuwar kwamfutarsa yana riƙe da duk abin da aka rubuta. Ya cika ranar Talata da hantsi, a farkon Janairun 2011, ana saura kwanaki a yi zaɓen da sojoji za su fara sakin mulki.

Marigayin mai haƙuri ne. An ɗauke masa kuran, wato wutar lantarki, a tsakiyar aiki sau ba adadi, bai taɓa kai ƙara ba. Da safe yakan gaida mai gidansa da "kirrr, kaf, kaf," kuma ba ya buɗe ido sai Malam Chindo ya shanye shayinsa. Babban halinsa riƙon amana. A cikinsa ne jawabin nan yake, wanda wani malamin lakol, wato makarantar boko, marigayi Sale, ya tsara a 2004. Tun daga lokacin, duk ɗan takarar da ya zo neman sabon jawabi, Malam Chindo kan sauya suna da jam'iyya ya buga masa, bayan taro ya karɓe takardar ya ƙone. Da haka ya yi suna har garin Cadawa a matsayin gwanin alƙalami, alhali bawan Allah ko wasiƙar gaisuwa gumi take sa shi.

Ciwon ajalin ya fara ne da tari. Aka kira Lurwanu mai gyara daga Maraɗi, ya sa sabon diski mai giga ɗari biyar, sannan ya lura ya manta wayar da ake kwashe kayan tsohon da ita. Ya ce sai Juma'a. Malam Chindo ya ga rashin ladabi ne a bar dattijo a kan tebur ƙarƙashin ƙudaje, ya naɗe shi a hankici ya kai shi gida, ya kwantar da shi a bisa randa don ya sha sanyi.

Washegari uwargida Balki ta ɗora wake. Murfin tukunya ya yi ta rawa, ta nemi abu mai nauyi, ta samu. Marigayin ya danne murfin nan har awa biyu, da irin biyayyarsa, kafin murfin ya karkace, shi kuma ya zame cikin tukunyar. Balki ta tsamo shi da ludayi, ta wanke shi tas da sabulu da toka.

"Wallahi Malam, har ya fi da haske," in ji ta.

Da Lurwanu ya jona shi ranar Juma'a, marigayin ya ce "kaf" sau ɗaya. Lurwanu ya cire hula.

Ya rasu ya bar kwamfuta guda mai fama da zafin jiki, da inji mai buga takarda wanda bai san an yi rasuwa ba, da magaji mai faɗin ciki wanda ba komai a cikinsa. Ya kuma bar marayu uku, Abdurrahaman da Bubakar da Jaye, 'yan takarar jam'iyyu uku masu gaba da juna, kowanne da taronsa ranar Asabar, kowanne yana jiran jawabin da aka rantse masa nasa ne shi kaɗai.

A ranar Juma'ar, Malam Chindo ya zauna gaban farin allon kwamfuta tun azahar. La'asar ta same shi da "Jama'a" kawai, ya fashe da kuka. A haka Iya Ummuhani mai fura ta shigo gaisuwa, ya kasa riƙewa, ya tona mata komai, yana roƙon ta rufa masa asiri.

"Wane asiri, ɗan nan?" in ji ta. "Sau goma sha ɗaya na ji jawabin nan. Kaf kasuwa mun haddace. Gyara zama ka rubuta."

Ta ajiye ƙwarya ta karanto shi daga bisimilla har amin, har da inda ake tsayawa a yi tafi. Da ta zo kan alkawarin rijiyar unguwarsu, ta maimaita sau biyu, a hankali, tana kallonsa.

Za a karɓi gaisuwa a shagon har kwana uku, ban da wake a sadaka. Liman ya ce kada a kuskura a kawo masa gawar. Za a kai marigayin makwancinsa ranar Lahadi bayan la'asar a unguwar Iya Ummuhani, bisa shawararta, a ramin rijiyar da aka ƙaddamar da kiɗa da tafi shekara shida da suka wuce. Ba a buƙatar masu haƙa. An auna ramin, ya yi wa marigayin daidai.