Ranar Da Na Kira Kawun Nasiru Da Sunansa

Ba zan taɓa mantawa da wannan Alhamis ɗin ba, ko da 'yan unguwarmu sun bari in manta. Kowa cewa yake rashin kunya ce ta motsa mini. To ba haka ba ne. Doka na bi, dokar ce ta kai ni ta baro.

Bayan na gama sakandare na samu aikin tarbar kwastomomi a wani banki a nan Lafiya. Tun ranar farko aka shaida mana al'adar gidan: kowa daidai yake da kowa. Ba durƙuso, ba "ranka ya daɗe", har manaja da sunansa za ka kira shi. Wai umarni ne daga Legas. Manajan kuwa Alhaji Umaru ne, dattijo mai furfura, kuma kawun Nasiru, wanda ake maganar aurenmu da shi.

Da farko bakina ya ƙi. Amma duk wanda ya kuskure ya ce "Alhaji" sai ya saya wa ma'aikata kaf lemo, ni kuwa ba ni da wannan arzikin. Sai na saba. (Gaskiya har daɗi abin ya riƙa yi mini.)

Ranar sai ga wata tsohuwa da lulluɓi, wai katinta ya ƙi aiki. Na zaunar da ita, na aika wa manaja ya zo ya sa hannu. Shiru. Ita kuma sai bin ni take da kallo tun daga ɗankwali har takalmi. Layi ya yi tsawo, haƙurina kuma dama ba shi da yawa. Na miƙe na ɗaga murya:

"Umaru! Kai fa nake jira, ka taso mana!"

Tsohuwa ta dafe ƙirji. "Innalillahi! 'Yar nan, wa kike kira haka?"

Kafin in ba ta amsa, manaja ya fito da sauri, ya rusuna a gabanta. "Yaya, yaushe kika iso daga Awe? Ba ki faɗa mini ba."

Awe, garin su Nasiru. Yaya. Nan take na gane. Mahaifiyar Nasiru ce, wadda ban taɓa gani ba. Lafiyar katinta ƙalau, ni ta zo dubawa. Ashe kuma manaja sunan mahaifinsu gare shi, ita kanta "Baba Ƙarami" take ce masa.

"Yaya, dokar wurin aiki ce," in ji shi yana sosa ƙeya.

Ta juyo gare ni da murmushi. "To ni sunana Hajara. Kira ni mana, kada ki karya doka."

Na zube a ƙasa da siket ɗin aiki, gaban kwastomomi, ina ta "Mama, ki yi haƙuri". Har mai gadi sai da ya juya baya yana dariya.

Da yamma Nasiru ya kira ni. Wai Mama ta ce ba ta ce a fasa auren ba, amma muryata za ta yi kyau da tallan gishiri.

Na dai gane cewa dokar Legas ba ta san surukai ba. Ranar Asabar zan ɗauki gwaggona mu tafi Awe, in durƙusa har sai Mama ta ce in tashi. A banki kuma, duk lokacin da nake neman manaja, zan taka har ƙofarsa in yi sallama, in jira ya ɗago kai.