Yadda Na Toshe Bahon Alhaji

Shekara ashirin ina aikin famfo a Jibiya, kuma a wajena duk hujin da ruwa ke bi abokin gaba ne. Da wani Alhaji a Magama ya sayo ƙaton bahon wanka daga Maraɗi, irin mai feso wa mutum ruwan ɗumi a gadon baya, ko gezau ban yi ba.

Ya miƙo mini takardar haɗawa, duk Faransanci. "In kira mai karanta maka?"

Na ce, "Haba Alhaji, ruwa ai ba ya jin Faransanci."

Na ɗaura kawunan feshin, na liƙe gefensu da gam. Sai na ga kowane kai da ƙananan hujoji a tsakiya. Na yi tsaki kan sakacin kamfani, na bi su na toshe tsaf.

Washegari, ina tsaye a gefe, Alhaji ya shiga bahon da gajeren wando, ya danna maɓalli. Inji ya yi gurnani, tiyo ya fashe ta baya, ruwa ya malale falo har kan sabon kafet. Alhaji na zaune a baho yana kallona kawai.

Har yau in na doshi teburin mai shayi, sai wani ya ce masa, "Ɓoye rariyarka, ga Injiniya nan tafe."