Ranar da Na Yanke wa Kiristoci Hukuncin Zakka

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na naɗa wa kaina rawanin malanta a gidan Bitrus ba. Ni da ko izu biyu ban haɗa ba, boko kuwa aji biyu na yi na gudu kamun kifi, ni ne na tashi zan raba wa Kiristoci gardamar addininsu. Ba kuma wanda ya aike ni.

Bitrus makanikin injin ban ruwa ne. Ya fi shekara talatin a Haɗejiya, gonarsa ta shinkafa tana jikin tawa a fadama. Noman ranin shekarar ya yi mana kyau. Shi ya sami buhu arba'in, ni talatin.

To, ga abin da na yi da nawa, kuma kada a yi mini dariya tun yanzu. Buhu huɗu na kai gida, na shigo da fuskar jaje, na ce wa matata Hajara jan baki sun sauka sun cinye gonar (duk wanda ya san tsuntsayen nan a fadamarmu ba zai yi musu ba). Sauran ashirin da shida na kai zauren Bitrus, na ce masa ɗakina yana yoyo. Ya dubi sama, rana ƙwal, sannan ya nuna mini inda zan jibge su. Dabarar ita ce dangi kada su yi mini layi, zakka kuma in ce abin bai kai a fitar ba. Labarin ya karɓu har Saratu, matar Bitrus, ta aiko wa Hajara da kwano biyu na shinkafa don jaje. Ita dai mijinta ya ce mata ajiyar wani ce. Na ci tuwon, har da ƙari.

Ana haka sai rigima ta tashi a gidan. Bitrus ya ware buhu huɗu zai kai coci, ɗaya bisa goma, yadda yake yi duk shekara. Ɗansa Iliya, wanda ya gama karatu ya dawo, ya ce wannan doka ce ta zamanin Annabi Musa, don ciyar da masu hidimar ibada na wancan lokaci. Kirista na yanzu abin da zuciyarsa ta yarda zai bayar, ba a gindaya masa adadi ba. Ga kuma bikin ƙanwarsa Rifkatu ya matso, da me za a ciyar da baƙi? Uban ya ce shi ba zai ci rabon Allah ba don wani yaro ya karanto abu a waya. Magana ta yi zafi har suka daina cin abinci a kwano ɗaya. Iliya ya ce in aka fita da buhunan, ana gama biki zai tattara ya koma Kano.

A rumfar gyaran inji Bitrus ya ba ni labari, ya ce ran Asabar Fasto zai zo da wani dattijon coci su sasanta su. Na ce, "Mutumina, wannan ai ƙaramar mas'ala ce. Zan zo." Ya ce, "Ba sai ka wahalar da kanka ba." Na ɗauka kara yake mini.

Abin da na dogara da shi guda ɗaya ne. Na taɓa ji a wajen wa'azi cewa amfanin da ruwan sama ya shayar ɗaya bisa goma ake fitarwa, wanda aka sha wahalar ban ruwa kuwa ɗaya bisa ashirin. Iyakar karatuna ke nan, kuma na riƙe shi da kyau tunda ragi ne.

Ran Asabar na zuba babbar riga, na ɗauki carbi mai dogon zare. A zauren aka zauna, buhuna jibge har rufi. Fasto mutum ne mai sanyin murya. Ya bar uba ya faɗi nasa, ɗa ya faɗi nasa, sannan ya ce wannan gardama ta girme su duka, a cikin malamansu ma akwai masu cewa wajibi ne har gobe, akwai masu cewa bayarwa da farin ciki ita ce abin nema. Bai kai ƙarshe ba na yi gyaran murya.

"Fasto, a gafarce ni. Duk kun bar hanya. Shinkafar nan da me aka shayar da ita?"

"Da inji, Baba."

"To ɗaya bisa ashirin ce. Buhu biyu coci, biyu biki. An gama."

Fasto ya yi murmushi ya ce, "Baba, mun gode. Sai dai wannan a wajenku yake, mu babu shi a namu littafin."

Mai hankali a nan zai nemi takalminsa. Ni kuwa sai na gyara zama. Na ce ai lissafi ba shi da addini. Na ce ni nan da suke gani, buhu ba ya barin gonata sai na cire haƙƙin Allah, tun a masussuka. (Bitrus ya sunkuyar da kai, na zaci wa'azin ne ya ratsa shi.) Don in burge, na bugi buhun da na jingina da shi na ce, "Hukunci ba ya yiwuwa da ka. A ƙirga a gabana."

Dattijon nan, Yohanna sunansa, tsohon malamin makaranta ne, irin waɗanda ba a ba su aiki sau biyu. Ya miƙe ya bi buhuna da sanda. Ya gama, ya sake. Sannan ya juyo a hankali.

"Bitrus, arba'in ka ce mana. Sittin da shida na gani."

Kowa ya juya ya dubi Bitrus. Mutumin da ya ɓata da ɗansa saboda kada ya rage wa Allah buhu ɗaya, ga shi ana kallonsa kamar mai ɓoyo. Ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da ido ƙasa. Ya gwammace ya sha kunyar da ya tona ni. Ni kuma carbi kawai nake ja, ban ma san me nake karantawa ba.

Iliya ne ya tashi. Ya ce, "Babana bai taɓa ɓoye ko tiya ɗaya ba." Ya kama buhun da ke bayana ya juya shi. Tunda ban iya rubuta sunana ba, kifi nake zanawa da shuɗin fenti a buhunana, kifin da duk fadama ke cewa ya fi kama da silifa. Ga shi nan ɓaro-ɓaro. Ya juya na biyu, ya juya na uku.

"Baffa," in ji shi, "waɗannan su ne jan baki suka cinye?"

Daga bayan labule Saratu ta ce, "Iliya, tambaye shi ko kwano biyun nan sun ishe su, ko in ƙara."

Bitrus ne ya fara. Ya danne, ya danne, dariya ta ƙwace masa. Iliya ya kama, har ya dafa kafaɗar uban don kada ya faɗi. Fasto ya rufe baki da hankici, wai tari ne. Ni dai na nemi takalmina, ƙafa ɗaya na samu, na fita da ita a hannu.

Gardamar ba su warware ta ba, har yau kowa yana kan bakansa. Amma a ranar suka koma kwano ɗaya. Bitrus ya kai huɗunsa coci, Iliya da kansa ya ɗora su a amalanke, ya ce ba don dole ba, don ya ga abin daga zuciyar babansa ya fito. Kano kuma bai koma ba. Ni na fitar da zakkata, buhu ɗaya da rabi, na kuma kai biyu gudummawar bikin Rifkatu. Na dai koyi cewa kafin mutum ya sa a ƙirga buhunan wani, ya fara tuna da wanda ya jingina da shi.

Da amalanke ta sauke sauran a ƙofar gida, Hajara ta fito ta zagaya su, ta shafa kifin nan nawa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, tunda jan bakin bana masu amana ne, ka tambaye su na bara, ko suna nan su ma."