Silifas ɗin Tok Ayah da Gadar Ƙauyenmu

Yau da safe da ƙafa na tsallaka kogi, zanina a naɗe a ka, ruwa har ƙirji, ƙunshin shinkafar karin kumallo a baki. Ni da na haura sittin. Ina fitowa ɗaya gaɓar na tarar da maƙwabcina Pak Deraman a gindin kwakwa yana matse wandonsa. Ya ce in daina ɓata rai, ai ta ƙasan albarka muka bi. Na ce masa albarkar nan saura kaɗan ta tafi da haƙoran robana.

Masu karatu, da muna da gada. Ta katako ce, ta ruɓe, tana kuka in an taka ta, amma ita ke kai mu kasuwa da asibiti da makarantar yara. Duk zaɓe Mai Girma Wakilinmu, Allah ya ƙara wa tumbinsa faɗi, yakan zo ya aza harsashin gadar kankare. Duwatsun harsashin nan yanzu sun yi yawan da awakin ƙauye ke kwana a kansu ba sa faɗa.

To, sai aka ce babban malamin yankinmu, Tok Ayah Leman, zai zo wa'azi masallacinmu. Tsohon nan da koyar da yara a rumfar kaba ya fara, da aka kafa jam'iyya aka ɗauko shi aka yi mata uba. Bai taɓa tsayawa takara ba, amma duk wanda ya ɗaga wa hannu ya ci. Sau biyu jam'iyyar ta dare, kowane ɓangare ya tafi da hotonsa. Har yau a gidan katako yake, da silifas ɗinsa na roba mai igiya ɗaure da waya. Ina son tsohon nan, ba na ɓoyewa. Waɗanda ke kewaye da shi ne ke tayar mini da hawan jini.

Kun san al'adarmu: in malami ya shiga masallaci, ɗalibi yakan juya masa takalmi ya fuskanci waje, don in ya fito ya zura ƙafa kawai. Da aikin ɗalibai ne. Yanzu manya ke yi, kowa da mai ɗaukar hotonsa. Bara Masu Girma biyu suka cafki ƙafa ɗai-ɗai, kowa ya ƙi saki.

Ranar wa'azin, ta doguwar kwalta aka zagayo da shi don kada idonsa ya faɗa kan gada. Mak Su Jenab, mai kai soyayyen kifi kasuwa, wadda ƙafarta ta taɓa burmawa a gadar har tirenta ya bi ruwa, ta yi ta ƙoƙarin isa gabansa. 'Yan rakiyarsa masu fararen riguna suka tare ta, suka ce ta kai kukanta kwamiti. Ta ce to. Ana tsakiyar wa'azi ta sunkuya ta kwashe silifas ɗin.

Da tsoho ya fito babu takalmi, manya suka rikice, kowa na tuɓe nasa na fata yana miƙawa. Sai Mak Su ta ɗaga murya daga bayan mata.

“Tok Ayah, ni na ɗauka. Suna can tsallaken gada. Ka je ka ɗauko da kanka, ka ji abin da ƙafafunmu ke ji.”

Na ɗauka za a cinye ta ɗanya. Tsoho kuwa dariya ya yi, ya tattare zaninsa ya nufi kogi ba takalmi. Tunda shi ƙafa a ƙasa yake, wa zai bi shi da takalmi? Haka manyanmu suka jero da safa. Shi ba nauyi gare shi ba, ya haye lafiya. Mai Girma Wakilinmu na taka katako na uku ƙafarsa ta shige har cinya, aka yi ta jan sa kamar bauna a laka. Tok Ayah ya sa silifas ɗinsa, ya juyo ya ce, “Ku gyara musu ita kafin ruwa ya sauko.” Ranar na yi hawaye, na kuma sayi kifin Mak Su duka.

A yaba wa manyanmu, ba su yi wasa da umarni ba. Nan take aka kafa kwamiti. Kwamiti ya zauna a otal a bakin teku, ya gano cewa cire katakon da ƙafar Tok Ayah ta taka rashin ladabi ne. Sai aka kafa ƙaton allo mai hotonsa, da na Mai Girma ɗan girma kaɗan, aka yanka bauna, aka buɗe allon da kabbara.

Daga nan motocin baƙi suka fara zuwa, kowa da 'yar wuƙarsa. Wannan ya ɓantari katako don ɗansa mai jarrabawa, waccan don surukarta mai ciki. Pak Deraman ma akwai tsinke ɗaya a cikin hularsa. Kafin wata ya mutu, ginshiƙai kawai suka rage. An ce da tsohon ya tambayi labarin gada, hoton allon aka nuna masa, ya yi hamdala.

Yanzu ga hadari ya fara haɗuwa, yara sun daina zuwa makaranta, murhun Mak Su ya huce don ba ta iya ratsa ruwa da tire a ka. Jiya na leƙa in yi mata jaje, na same ta tana murmushi. Ta ce ta ji Tok Ayah zai dawo Mauludi, kuma yanzu ta fahimci yadda jama'a ke yi da duk abin da ƙafarsa ta taɓa. Sai ta rage murya ta tambaye ni ko na san inda Mai Girma ke ajiye sabuwar motarsa, don a kanta take so ta ajiye silifas ɗin wannan karon.