Yadda Za Ka Binne Mahaifiyarka A Waƙa Tana Nan Da Ranta

Kana da murya, kana da banjo, gurmin Amurkawa, amma Allah ya jarrabe ka da rayuwa mai daɗi? Kwantar da hankalinka. A bana kamfanonin waƙa na birnin Nashville ba abin da suke saye sai waƙar kabari da hankaka da tsohuwar rijiya. Bi matakan nan shida, na ba ka tabbacin faifai zai fito. A gabana aka gwada su a kan Delmer Caudill, maƙwabcina a nan tsaunukan Kentucky, kuma faifai ya fito.

Mataki na ɗaya: Kashe fara'a

Delmer mutum ne da ko gaisuwar mutuwa ya je sai an yi dariya. Injin yankan ciyawa yake gyarawa, matarsa na son sa, ko ciwon haƙori bai taɓa yi ba. Babbar nakasa ke nan a wannan sana'a. Sayi baƙar kwat da baƙar malafa. Bar gemu. In an ce ya gida, kada ka kuskura ka ce lafiya lau. Dubi tsauni, ka ja numfashi, ka ce, "Muna dai bisa ƙasa tukuna."

Mataki na biyu: Nemo mamaci

Delmer ya laluba dangi kaf. Kakansa ya rasu yana da shekara casa'in da shida, a kan kujera, yana murmushi. Wa zai sayi wannan? Sai ya tuna dutsen kabarin babansa. Kamar kowace mace mai tsari a nan, tun ranar da aka kafa dutsen mahaifiyarsa Mama Ozella ta sa aka sassaƙa sunanta gefen na mijinta, da shekarar haihuwarta, aka bar gurbin shekarar mutuwa. Delmer ya durƙusa, ya rufe gurbin da malafarsa, aka ɗauki hoto. Cikin mako biyu ya haɗa waƙa tara, ya sa musu suna Ranar Da Muka Rufe Mama.

Lura: wannan ba ƙarya ba ce. Sammako ne kawai.

Mataki na uku: Bar mai saye ya yaudari kansa

Madam Pruitt ta kamfanin faifai ta ji waƙoƙin, ta bugo waya. "Yaushe ta rasu?"

"Ni har yanzu ji nake kamar tana kicin," in ji Delmer. Tana kicin ɗin kuwa, tana soya kaza.

Madam ta fashe da kuka. Nan take ta yi masa alkawarin faifai da wasa a garuruwa ashirin, abin da ya shekara goma sha biyar yana mafarki. Sharaɗi ɗaya: za ta zo da mai kyamara ya rera a kan kabarin.

Mataki na huɗu: Duba kalanda

A nan ne Delmer ya yi sake. Ya ce ta zo Lahadi ta biyu a watan Yuni, tunda shagonsa a rufe yake. Ya manta ranar ce dangi ke gyaran kaburbura. Da tsakar rana suka hau tudun maƙabarta, suka tarar da 'yan gidan Caudill sun kai sittin, ana cire ciyawa, an lulluɓe kowane kabari da furanni ja da rawaya, an jera tebura da wake da gurasar masara. Ga kuma wata tsohuwa durƙushe da buroshi tana dirzar sunan Ozella.

"Delmer! Wa ya mutu ka sa baƙar kwat a wannan zafi? Zo riƙe min bokiti."

"Wace ce wannan?" in ji Madam.

"Gwaggona ce," in ji Delmer.

"Gwaggon wa? Ni da na yi awa goma sha tara ina naƙudar wannan ƙaton kan naka?"

Kawu Verlin, ƙanenta, ya taso da cinyar kaza a hannu. "Yaya, ai ke ce marigayiyar! Ya rera mana a shagon aski. Na so in yi miki gaisuwa, na ga kina ta aiki."

Mataki na biyar: In asiri ya tonu, rera

Mama Ozella ta goge hannu, ta hau nata ɓangaren dutsen ta zauna. "To, rera in ji yadda na mutu."

Delmer ya fara, gumi na bin gemu. Bai kai baiti na biyu ba ta ɗaga hannu.

"Da farar riga za a binne ni? Shuɗiya na ce, tana cikin akwati tun bara. Kuma wannan ce waƙar mutuwa? Ko kaza ba za ta razana ba. Ba ni abin nan."

Ta karɓe banjon ta rera wata da kakarta ta koya mata, ta mutumin da ramin haƙar kwal ya rufta da shi, yake dawowa duk bazara ya ƙwanƙwasa wa matarsa ƙofa yana tambayar abincin rana. Verlin ya ajiye kazar. Madam ta matso kusa da ita.

"Mama, irin wannan guda nawa kika sani?" in ji Madam.

"Wajen arba'in. Wannan ai ta lallashin jarirai ce."

Mataki na shida: Karɓi sabon muƙami

Faifai ya fito a Satumba, da hoton Ozella zaune a kan sunanta, ta harɗe hannu. Garuruwa ashirin duk an je. Delmer ne direba, shi ke ɗaukar banjo. A kowane dandali sai ta nuna shi ta ce, "Ga ɗana can, wanda ya binne ni. Ku tafa masa." Yanzu in ka ce masa ya gida, da gaske yake duban tsauni. An ce ma waƙoƙinsa sun fara kyau.

Sanarwa: marubucin nan ba ruwansa da uwar da ta ƙi mutuwa, ko kawu mai baki, ko ƙurajen zafin da baƙar kwat ta jawo. Na ce faifai zai fito, ban ce naka ba. Mai ƙorafi ya kai wa Mama Ozella da kansa. Ni ba zan raka shi ba.