Burodi da naman wake

Shekarar da fari ya gama da shanu, kuɗin mai kuma ya cika hannun direbobi, ina da teburin shayi a tashar Jibiya. Nakan tsaga burodi in cusa tsire, yadda mutanen Maraɗi suke so. Da nama ya yi wuya, sai na ga ai Allah ya ba ni basira. Na dafa alalar wake ta yi tauri, na yayyanka, na soya da kitse, na birkiɗa ta cikin yajin ƙuliƙuli. Na rantse wa matata cewa ko mahauci ba zai gane ba.

Wanda ya fara tsayawa wani tsohon makiyayi ne, daga shi sai sanda. Ya ce garkensa duk ya mutu a hanya, wata bakwai rabonsa da nama. Maimakon in ji kunya, har gyara na ƙara masa.

Ya yi bismilla, ya tauna a hankali, ya daɗe bai haɗiye ba. Sannan ya buɗe burodin, ya ajiye gaban direbobi.

"Ɗana, shekara hamsin ina bin shanu. Wagga saniya, a wace gona aka shuka ta?"

Ba wanda ya yi dariya sai da ya tafi.

Yau jikokina goma sha ɗaya, amma duk Babbar Sallah sai an aiko tambaya: Sarkin Fawan Wake ya yanka, ko yana jiran kakar wake?